Jinin Nuhu da Ya Ƙi Tsayawa

Da sunan Allah mai bayarwa, mai karɓa in ya ga dama. Sunana Rakiya, ina sayar da gabu, wato busasshen ganyen albasa, a kasuwar Malanville. Ɗana Nuhu ya rasu da sanyin da ya wuce yana ɗan shekara bakwai, kuma jini ne ya yi ajalinsa. Ban rubuta wannan don a tausaya mini ba, tausayi na sha har ya ginshe ni. Na rubuta ne saboda matar da take goyon ɗa namiji, kuma ta taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa a ɗakinsu akwai yaron da aka yi wa kaciya bai tashi ba. In ke ce, ki daure ki karanta har ƙarshe.

Tun ranar suna abin ya nuna kansa, mu ne ba mu da idon gani. Wanzami ya cire masa belun wuya da safe kamar yadda ake yi wa kowane jariri, sai ga jini yana bin gefen bakinsa har la'asar. Mata suka ce jinin haihuwa ne yake fita, lafiya ce. Da ya fara rarrafe, ko'ina ya ɗan bugu sai wurin ya yi baƙi ya kumbura. Akwai maƙwabciyar da ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah in rage dukan yaro. Ni da ko tsawa ban iya yi masa ba! Na shiga ɗaki na yi kuka, washegari na ci gaba da shafa masa man kaɗe.

Haka muka lallaɓa har ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Yaro ne mai surutu da tambaya, wanda in ya tasa ki gaba sai kin ce masa don Allah ya bari kunnenki ya huta. Wata ranar damina ya faɗi wurin wasan langa, gwiwarsa ta dama ta kumbura kamar tulu. Daga nan jinyar ta fara.

Satin farko na masu shawara ne. Duk wanda ya shigo gidan sai ya zama likita. Aka kawo mai ɗori ya ja ƙafar, Nuhu ya yi ƙara har muryarsa ta dushe, alhali babu karaya. Wani ya ce sammu ne, wata ta ce ya taka sawun iska a bakin kogi. Na sayo ƙwayoyin ciwon jiki a tebur ina ba shi safe da yamma, daga baya na ji cewa irinsu ƙara tsinka jini suke yi. Babansa, Malam Isuhu, fataucin albasa yake yi zuwa Kwatano, yana hanya a lokacin. Kullum ya kira waya sai in ce da sauƙi, don haka aka koya mana faɗi.

A sati na biyu uwar mijina, Hajiya, ta zo ta danna gwiwar da yatsa, ta girgiza kai.

"Wanga mataccen jini na, Rakiya," in ji ta. "In ba a hidda shi ba, ƙahwar shanyewa za ta yi. A kiro wanzam shi yi mishi ƙaho."

Ban musa ba. Wa zai musa? Ni kaina an yi mini ƙaho a ƙugu bayan haihuwa, na ji daɗinsa. Wanzamin unguwarmu, Baba Sale, mutum ne mai sauƙin hannu, shi ya yi wa rabin mazan layinmu aski tun suna tsumma. Ya yi 'yan tsage ƙanana, ya kafa ƙaho, ya zuƙo baƙin jini. Hajiya ta ce, "Kun gani ko?" Ya cire ƙahon, ya goge wurin, ya barbaɗa garin magani. Jinin ya keto garin ya fito. Ya ɗaure da tsumma, tsumman ya jiƙe. Ya sake wani, shi ma ya jiƙe. Ba tsartuwa yake yi ba, tsattsafowa kawai yake yi a hankali, kamar randa mai tsaga. Da azahar leɓen Nuhu ya yi fari. Baba Sale da kansa ya tsayar da mai babur ɗan kabu-kabu, ya ce mini, "Ɗiyata, wanga ya hi ƙarhina. Ku tai likita."

A asibitin garinmu aka ce sai an ƙara masa jini. Nan na san mutane. Wasu da muke ci a kwano ɗaya suka tuna suna da uzuri, amma wani ɗan dako da nake ba sadakar koko ya miƙa hannunsa ba tare da an roƙe shi ba. Allah ya biya shi, ya biya Baba Sale da ya wuni a bakin ƙofa bai ci komai ba. Jinin ya lafa, ya dawo, ya sake lafawa. Ma'aikacin jinyar da muke kira manjo ya ce wannan ba ciwon gwiwa ba ne, ya rubuta mana takarda zuwa Paraku.

Sati na uku a Paraku muka yi shi, mu uku da Malam Isuhu da ya baro kayansa a hannun abokin tafiya. Layin karɓar kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin ɗibar jini daban, kuma kowane layi sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Ni ba Faransanci ba sai na ciniki. A baranda nake kwana bisa zanena. 'Yan kunnena na aure a can suka tafi, da awakin da nake kiwo a wurin Innarmu. Amma a can ne Allah ya haɗa mu da wata lokotoro, wato likita, 'yar arewa mai jin Dendi, yaren yankinmu, ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni maimakon ta faɗa mini.

Ta ce, "A cikin 'yan'uwanki maza, ko 'yan'uwan mahaifiyarki, akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai Yahuza ya faɗo mini a rai. Ƙanena ne, mai bi mini. An yi masa kaciya a ƙauyenmu Madekali ina ƙarama, ya kwana biyu yana zubar da jini ya rasu. Abin da aka ce mana shi ne mayya ta kama kurwarsa. Har wata tsohuwa da ke bayan gidanmu aka daina gaisarwa saboda shi, ta mutu ba mai ɗebo mata ruwa. Tun daga nan Inna ba ta ƙara ambaton sunansa ba, mu ma muka bari.

Lokotoro ta saurare ni har na gama, sannan ta faɗi sunan ciwon: emofili. Ta ce a jinin kowa akwai wani sinadari da ke sa shi ya daskare in an ji rauni, suna ce masa fakter wit, Nuhu kuwa an haife shi ba shi da shi. Ta ce mata ne ke ɗauke da abin ba su sani ba, maza ne yake kayarwa. Daga uwa yake bi zuwa ɗa. Na ji kamar ta ɗora mini dutse a ƙirji. Ta lura, ta kama hannuna ta ce ba laifina ba ne, kamar yadda tsawona ba laifina ba ne. Na gode mata, amma dutsen bai sauka ba.

Maganin shi ne a zuba masa wannan sinadarin ta jijiya. Ba a sayar da shi a kanti, daga waje masu taimako suke aiko shi Kwatano, wani lokaci akwai, wani lokaci babu. Muka yi sa'a akwai. Ranar da aka yi masa allurar farko ina zaune ina kallon bandejin, ina jiran ja ya ɓullo kamar kullum. Har magariba fari fat. Na tashi na yi alwala.

Sai dai allurar ba ta daɗewa a jiki, wuni guda ta gama aikinta. Malam Isuhu ya tambaya ko babu wadda ake yi sau ɗaya a huta. Lokotoro ta ce masu bincike a ƙasashen nesa suna kan nema. Ta ce suna kiwon wasu ɓeraye masu irin ciwon Nuhu sak, a jikinsu ake fara gwada sababbin magunguna masu daɗewa, in sun yi kyau sannan a zo kan mutane. Ni raina ɓaci ya yi. Na ce a zuciyata, wato ɓeran wata ƙasa ya fi ɗana gata. Nuhu kuwa da ke kwance, ashe kunnensa na kanmu.

"Mama, kusa ma suna ciwona?" in ji shi. Mu nan kusu muke ce wa ɓera.

Na ce haka lokotoro ta faɗa.

"To wa ka kai su likita? Uwayensu?"

Lokotoro ta yi dariya har da hawaye. Ta ce masa in ɓerayen suka warke, shi ne na gaba. Ya riƙe wannan magana kamar karatun allo. Da muka dawo gida ya hana a ɗana tarko a mangazar da nake ajiye buhunan gabu. Ya ce aiki suke yi masa. Na ce waɗancan na Turawa ne, namu ɓarayi ne kawai. Ya ce ai duk dangi ne. Haka na zuba ido suna huda mini buhu, in na yi mita ya ce in yi haƙuri, ladana na wurin Allah.

An sallame mu da gargaɗi: ba ƙaho, ba tsaga, ba ƙwayar tebur, kuma kaciya sai a asibiti, sai an tara allurai masu yawa an shirya. Aka ba mu kwalba biyu don ko-ta-kwana, muka ajiye a firigo, wato firij, na wani mai kantin magani kusa da mu, kullum aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai gabana ya faɗi. A Malanville ban ɓoye wa kowa ba. Hajiya ta sani, Baba Sale ya sani, malaminsu na lakwal ya sani. Amma da na je Madekali na zaunar da Inna na faɗa mata, har da zancen Yahuza, sai ta tashi ta rufe ƙofar ɗaki.

"Kul na ji wagga magana waje," ta ce. "Kina so a ce jininmu na da cuta? Zinatu hwa? Wata biyu da aure. So kike a koro ta? Ɗiyarki mace wa za shi ɗauka in ta girma?"

Zinatu ƙanwata ce, autarmu, tana aure a Gene, ɗiyar tawa kuwa 'yar'uwar Nuhu ce. Na ce, "Inna, ko Yaya Mamman a gaya mishi." Shi ne babban wanmu, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba.

"Mamman bakinai bai da ƙohwa. Yaro ya yi ciwon gwiwa ya warke, shi ke nan."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Uwa ce, tsoronta ba na banza ba ne, na san garinmu. Haka maganar ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta.

Watanni suka wuce da daɗi ba daɗi. Gwiwar ta ɗan ƙage, yana tafiya yana ɗingishi. Amma ba ɗingishin ya fi damunsa ba. Sa'o'insa duk an yi musu kaciya, shi kaɗai ya rage, kuma yara ba su da tausayi. In sun je wanka a bakin kogi sai ya dawo bai jiƙa ko ƙafa ba, ya shige ɗaki ya kwanta. Kullum tambayarsa yaushe za a yi masa. Kullum amsata sai allurai sun taru. Babansa ya sa sunansa a Kwatano, ana ta ce mana a ƙara haƙuri.

Da aka ba su hutun sanyi ya matsa sai ya je wurin kakarsa a Madekali. Kasuwa ta cika, babansa ya yi kudu da kaya, na ce to ya je ya yi 'yan kwanaki, ai Inna ta san komai. Ranar Juma'a da safe Inna ta tafi gaisuwar mutuwa a wani ƙauye. A ranar ne kuma wanzamin Madekali ya zo yi wa yaran unguwa kaciya, ciki har da 'ya'yan Yaya Mamman biyu. Yaya ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya ga abin kunya ne a ce yaro ya kai haka a gidansa ba a yi masa ba. Ya biya kuɗin daga aljihunsa, ya ƙara zakara. Gata ya yi masa, irin wanda kawu yake yi. Nuhu ya sani sarai, amma bai ce uffan ba. Ya shiga layi da kansa.

Ina tsakiyar awo aka kira ni a waya. Kafin in isa asibiti sun riga ni. Yaya Mamman ya ɗauko shi a babur, wani ya riƙe shi a baya, tun daga Madekali. Rigar Yaya fara ce da safe. Ya tsaya a baranda yana cewa, "Rakiya, mi ag gare shi? Sauran duk sun tsaya. Mi ag gare shi?" Na ruga kantin magani da ƙafata, in ɗauko allurar.

Manjo ya yi masa kwalba ta farko, aka ɗinke wurin, aka ɗaura jini. Ya tsaya. Da ya farfaɗo na sunkuya na ce, "Nuhu, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Ai muna da allura cikin firigo, Mama," ya ce. "Kuma yanzu ba mai yi min dariya."

Washegari jinin ya dawo. Aka yi ta biyu, ta riƙe shi zuwa wani wunin, shi ke nan abin da muke da shi. Na kira lokotoron Paraku, ta ce a wurinsu ma babu ko ɗaya a lokacin, ta yi ta buga waya Kwatano a madadinmu. Malam Isuhu yana can, ya bar albasarsa a tasha ya bi ofis-ofis ranar da ba aiki, har Allah ya sa aka samo mai mabuɗin ɗakin ajiyar allurar. Ya sa kwalaben a kula da ƙanƙara, ya hau motar arewa. Wanda ya san hanyar Kwatano zuwa Malanville ya san ba a yi mata gaggawa. Mu kuma a nan ana ta ƙarin jini. Yaya Mamman ya bayar har manjo ya ce ya isa. Ɗan dakon nan ya sake zuwa. Abin da ake zubawa ta hannu yana fita ta ƙasa, ina canza zane ina wankewa, ina shanyawa a kan katangar asibiti.

Ranar Litinin da hantsi ya daina surutu. Hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Ya buɗe ido ya ce, "Baba ya iso?" Na ce yana Kandi, saura kaɗan. Can ya ce, "Kusan nan, sun warke?" Na ce sun warke, duk sun warke, suna ta gudu. Ya ce, "To saura ni." Bai ƙara magana ba.

Babansa ya iso bayan azahar, rungume da kular a ƙirji. Ya ga tabarmi a ƙofar gida tun daga bakin layi. Bai ajiye ta ba har aka dawo daga maƙabarta, sai da Baba Sale ya ɓamɓare yatsunsa. Daga baya ya kai wa manjo ya ce a mayar Paraku, wani yaron ya samu.

Masu gaisuwa sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba mai wuce ranarsa. Amma Allah bai hana bawa faɗin gaskiya ba. Na yi fushi da Inna, fushin da ban san ina da irinsa ba. Na yi wata biyu ban taka Madekali ba. Yaya Mamman kuwa har yau bai iya haɗa ido da ni ba, ya rame kamar shi ya yi jinyar, alhali shi bai san komai ba.

Watan jiya Zinatu ta haihu a Gene, namiji. Ranar suna na tafi tun da sassafe. Gida ya cika da mata, dangin mijinta da namu, Inna na zaune a gefe, ta tsufa a 'yan watannin nan. Wanzami ya shimfiɗa buzunsa ya buɗe zabira, wata gwaggon mijin ta miƙo hannu za ta karɓi jaririn. Na riga ta. Na ɗauke shi na rungume, na tsaya a tsakar gida.

Na ce, "Ba a taɓa yaron ga da aska ba sai an auna jininai a likita. Ba belu, ba tsaga. Ciwon da ya kashe Nuhu daga ɗakinmu ya hito, ta wajen mata yake bi. Ni na ba ɗana. Zinatu ma tana iya ba nata."

Zinatu ta rufe fuska da mayafi. Uwar mijinta ta taso tana cewa wace irin magana ce wannan ranar farin ciki, baƙin ciki ne ya taɓa mini kai, a karɓe yaron. Ta juya wurin Inna ta ce, "Ke kina ji ɗiyarki na ɓata muku suna, kin yi shiru?"

Inna ta ɗago kai. Na ɗauka za ta ce in zauna. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ɗora hannu a kan jaririn.

"Gaskiya ta hwaɗi," ta ce. "Ina da ɗa, sunanai Yahuza. Haka shi ma ya tahi. Ba mayya ba ta."

Rabon da in ji sunan nan a bakinta tun ina yarinya. Wanzami ya naɗe zabirarsa a hankali, ya ce aski ba ya guduwa. An raɗa wa yaron suna da gashinsa a kai, ranar Laraba kuma ni da Zinatu za mu kai shi Paraku. Ban san abin da za a ce mana ba, ban kuma san ko aurenta zai kai baɗi ba.

Ke da kika karanta, ki tambayi uwarki tun kafin wanzami ya iso, in ta rufe ƙofa ki buɗe. Allah ya jiƙan Nuhu da Yahuza, ya yafe mana hakkin tsohuwar nan ta bayan gida. Tarkon mangaza yana nan rataye a ƙusa inda ya sa na rataye shi, ban sauke ba.